Jan Alli a Wuyan Jarumi

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na shiga ajin su Ramatu ba, da sabuwar riga, ina tafe ina gyara hula kamar wanda aka kira ɗaurin aure.

Ban yi nisa a lakwal ba, wato boko, amma Allah ya ba ni hannu. Allunan shagunan aski da yawa a Dakoro ni na zana su, haka bayan motocin da ke kwasar dabbobi ranar kasuwa. Tun ina koyo malaminmu na allo ya ja mini kunne, ya ce duk abu mai rai da na zana in ja masa layi a wuya, kada gobe kiyama a ce in hura masa numfashi. Haka na saba, har hannuna yake yi ban sani ba. (Masu aski sun ɗauka wuyan riga ne, ni kuma ban taɓa gyara musu ba.)

Ramatu ɗiyar ɗana na fari ce, wanda ba na faɗin sunansa. Ya tafi Aljeriya aikin gini tun kafin a sa ta lakwal. Wanda ya tambaye ni labarinsa sai in ce yana can, in kawo zancen gero. Uba ba ya zama cikin mutane yana cewa yana kewar ɗan fari.

To malamin ajinsu, Mushe Ide, ya samo wani littafin zane na jarumin nan mai tashi sama, yara suka matsa sai an koya musu zana shi. Ramatu ta ɗaga hannu ta ce tsohon mijinta ya iya. Ni ke nan. Da ta kawo mini saƙon na ce mata kada ta damu, ni da na zana zaki da kada, wane ne wani mai tashi.

Da aka miƙo mini littafin sai da na yi salati. Ƙato ne da gemun arziki a haɓa, ya ɗora ɗan kamfai a kan wando, ya rufe ido ya bar baki a waje. Na ce wa Mushe a garin nan namiji baki yake rufewa ya bar ido, kuma ba zan koya wa ’ya’yan mutane zana babba a tuɓe ba. Ya yi dariya ya ce, "Baba, yi mana namu."

Na fara. Na nuna musu kai ƙwai ne, kafaɗa karkiyar shanu, hannu ɗaya a miƙe gaba. Na sa masa wando mai mutunci, na rataya masa mayafi yana kaɗawa a baya, na cika shi da jan alli. Ajin ya yi tsit, malamai biyu sun leƙo ta taga, kaina ya kumbura. Sai na zo fuska. Wallahi ban yi niyya ba. Na ga dai hannuna ya yi dogon hanci, ya buɗe wushirya, ya aza tabo a girar hagu, daidai inda igiyar guga ta taɓa zane wani yaro a rijiyar Birnin Lalle.

Daga bayana na ji ƙaramar murya ta ce, "Babana ne."

Kunya ta rufe ni. Yara sun gani, malamai sun gani, tsoho ya fallasa abin da ke ransa a kan tablo, baƙin allon aji. Na yi kamar ban ji ba, na ce bari in gama in gudu. Kuma kun san yadda nake gama zane. Jan allin na hannuna, na ja shi daga wannan kunne zuwa wancan.

Wani mai katon kai a layin baya ya ce, "An yanka baban Ramatu."

Ba ta yi ihu ba. Ta kife fuska a kan tebur, kafaɗunta na rawa. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige da hulata. Na shiga kame-kame, na fara zancen malaminmu na allo, na ga ba wanda ke saurare. Na sa hannun sabuwar riga in goge, jan ya ƙara bajewa, abin ya koma kamar mahauta. Mushe Ide ya juya yana kallon rufi.

Da ƙyar na share, na lanƙwasa layin ƙasa, na rataya masa laya a ƙirji. Na ce, "Amarya, ɗago ki gani, igiyar laya ce."

Ta ɗago ta daɗe tana kallo. Ta ce layar babanta a damtse take. Na zana wata a damtse. Sannan ta tambaye ni, a gaban kowa, in dai yana tashi sama me ya hana shi zuwa gida.

Na durƙusa, gwiwa na ƙara, na zana gidanmu a ƙasan tablo, da icen bedin ƙofar gida da ɗan akuyarta, daidai inda hannunsa ya nuna. Na ce ga shi nan tafe, hanyar ce da nisa. Sai na fake da tari, na ce ƙurar alli ce.

Mushe ya bar zanen a kusurwa har aka tashi hutu. Shi kuwa mai wushiryar bai sauko ba tukuna. In mota ta shigo daga arewa, ni da Ramatu kowa sai ya ƙirƙiro aike wajen tasha, in mun haɗu mu yi kamar ba mu ga juna ba.

Malamina ban saɓa masa ba, jikata ma ban sake sa ta kuka ba. Yanzu duk wanda zan zana, ko jariri ne, rawani nake naɗa masa har haɓa, don kada hannun nan nawa ya ga wuya.