Keken Koyon Tafiyar Bitrus

Ba zan taɓa mantawa da keken katakon nan mai ƙafa uku ba, ko da yake tsufa ya riga ya kwashe mini sunayen rabin mutanen da muka yi aiki tare. In ma na so mantawa, bayana ba zai yarda ba, domin duk damina sai ya tuna mini.

A tsakiyar shekarun tamanin ina babban akawu a wata masaƙa a Kakuri, muna zaman haya a unguwar Nasarawa. Ni tarbiyyar makarantar mishan ta dā gare ni, inda aka koya mana cewa kowane abu yana da tsari da ƙa'ida. Ban taɓa fita ba kwat ba, kuma babu wanda ya taɓa ganin haƙorana a layinmu.

'Ya'yanmu mata uku duk sun taka kafin su cika shekara. Sai ga autanmu Bitrus, namiji tilo, ya haura shekara ɗaya da rabi bai ko ɗaga ƙafa ba. Idan an tsayar da shi, sai ya dube ka da kyau, ya koma ya zauna daɓas kamar alƙali. Ga shi kuma shan inna bai daɗe da nakasa ɗan maƙwabcinmu ba. Matata, Maman Ladi, ta rame. Ni kuwa kullum na dawo aiki sai in ɗora shi a cinya, in yi ta matsa ƙafafunsa ina neman abin da ban sani ba. Likita ya ce lafiyarsa ƙalau, a yi haƙuri. Haƙurin ne ya ƙare mana. Kowace Lahadi a bakin coci sai wani ya tare ni: “Baban Ladi, yaya sojan namu? Ya fara fareti?” In ce yana hanya. Na gaji da wannan amsa har cikin ƙashina.

“Baban Ladi,” in ji matata wata rana, “ka bari in kawo matan zumunta na cocinmu su yi masa addu'a mana.”

“Ba za a mai da ɗana abin kallo ba,” na ce. “Koyarwa yake bukata, kuma ni zan koya masa.”

Na sa kafinta ya yi masa keken koyon tafiya. Bitrus ya karɓe shi da murna, ya zauna yana gwaguyar mariƙin. Sai na tuna da ƙa'idar malamanmu na dā: ba ka tambayar ɗalibi abin da ba ka nuna masa ba. (Har yau ina ganin ƙa'idar ba ta da laifi. Mai aiki da ita ne abin dubawa.)

Ranar wata Laraba aka tashe mu aiki da wuri. Na san matata tana taron zumunta, don haka na sallami babbar 'yarmu da ƙannenta mata su je wasa, na cire kwat da riga, ya rage daga ni sai singileti. Na bar ƙofa a buɗe saboda zafi, labule kawai na saki. Sannan na duƙa, na kama keken da tsayinsa bai kai gwiwata ba, na turo baya sama, na shiga zagaya falo ina maƙale murya irin ta mata: “Tata, tata, Bitrus tata!”

Abin da ban sani ba shi ne, Maman Ladi ta lissafa cewa ba zan dawo ba sai yamma, ta kwaso matan a ɓoye.

“Gafaranku dai!”

Na waiga. Labule a ɗage, matan zumunta cike da ƙofa cikin ankonsu, da tulun kiɗa da caki. Ban san tun yaushe suke tsaye ba. Na yunƙura in miƙe, nauyina ya sauka a kan keken, ya dare gida biyu, bayana ya riƙe, na zube a ƙasa rubda ciki.

Uwar zumunta, Mama Rifkatu, ta leƙo ni ta saman tabaronta.

“Sannu, Baban Ladi. Ashe kai ne ba ka iya ba? Mu an ce mana yaron ne.”

“To, Mama,” in ji wata daga baya, “wa za mu fara yi wa addu'ar?”

Mai riƙe da caki ta yi ta dariya har cakin yana kaɗa kansa a hannunta. Wannan ƙara ce ta ja hankalin Bitrus. Daga inda nake kwance ban ga fuskarsa ba. Ƙafafu biyu kawai na gani, waɗannan da na shafe watanni ina matsawa, sun zo suna rawa, ɗaya ta taka mini yatsu, suka wuce ta gaban hancina zuwa wurin cakin.

Guɗa ta tashi. Maman Ladi ta durƙusa tana kuka. Ni ma na yi, amma na bar su a kan cewa ciwon baya ne. Addu'ar dai a ƙarshe ni aka yi wa, mata huɗu suka kama ni zuwa gado.

Tun daga ranar sunana ya koma Baban Tata. Na yi ritaya da lambar yabo, na yi dattijon coci, amma tsofaffin matan nan da suka rage ba su san ni da wani suna ba.

Kwanan baya Bitrus ya zo mini a rame, wai ɗansa ya wuce shekara bai fara tafiya ba. Na ce ya kai shi likita ya duba, in an ce lafiya, ya ƙyale yaro, ranarsa tana zuwa. In kuwa ya nace sai ya koya masa da kansa, to, don Allah, ya fara sa wa ƙofa sakata.