Motar da Ke Gyangyaɗi a Tsakiyar Daji

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Motoci na Sassauci, uban masu tsimin mai, Allah ya ƙara maka basira.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da injiniyoyinka, waɗanda ke farke da waɗanda ke hutawa. Sunana Lukman Wali, direban haya daga Nasarawa Burkullu. Ni ne mai tsautsayin da ya sayi ɗaya daga cikin motocinku masu silinda shida, wadda dillali ya rantse mini cewa ba ta shan mai sai dai ta sansana. Ya ce kun sa mata wata hikima: idan ta samu hanya mai kyau tana tafiya ba wahala, sai silinda uku su daina aiki, ukun da suka rage su ja motar. Na zo godiya, ranka ya daɗe, tare da 'yan ƙorafe-ƙorafe da ba su taka kara sun karya ba.

Na farko, ina neman a sanar da ni wace hanya kuka gani kafin ku yi wannan hikima. Daga ƙofar gidana har bakin kwalta babu komai sai rami, yashi da kwazazzabo. A nan duk shidan suna farke, suna shan mai kamar an yi musu gori. Ban taɓa ganin sun raga mini ko cokali ɗaya ba.

Na biyu, kuma shi ne babba. A duk hanyarmu ta zuwa Gummi, wuri ɗaya ne kwalta ta rage sumul, wato tsakiyar wani daji da ba sai na faɗi sunansa ba. Wataƙila labari bai iso ofishinku ba, amma mu nan ba a ratsa wannan daji ɗai-ɗai saboda 'yan bindiga. Ranar kasuwa motoci kan taru su yi ayari, 'yan sa-kai a gaba, kowa na bin na gabansa da gudu iri ɗaya. Da an shiga dajin hira takan mutu, mai cin gyaɗa ya daina tauna, kowane fasinja ya kasa kunne ga injin, domin shi ne abin da ke tsakaninsa da kwana a hannun mutanen daji. To a daidai nan ne motarku ta ga hanya ta yi daɗi, ta kunna wata koriyar fitila a gabana, ta kwantar da silinda uku, muryarta ta koma ƙasa. Ashe duk faɗin ƙasar Bukkuyum ba ta ga wurin gyangyaɗi ba sai nan?

Ranar farko Iyatu ce a bayana, wata mai sayar da daddawa daga Zugu. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Direba, mi as samu wagga mota? Na ji muryatta ta sake." Kafin in ba ta amsa ta cire 'yan kunnenta ta tura cikin ƙullin daddawa, mota ta ɗauki salati, wani dattijo ya fara yafe wa mutanen da ba su ma cikin motar. Mun fita lafiya, amma kafin azahar duk kasuwar Gummi ta san cewa motar Lukman tana suma a daji.

Na uku, an ce in na taka totur silinda ukun za su farka. Gaskiya ne, suna farkawa. Sai dai a ayari, in na taka, bayan motar Lado da ke gabana zan shiga, in kuma na sassauta, na bayana ya shiga tawa. Ko akwai wata ƙafa ta uku da kuke sayarwa daban?

Na huɗu, Murtala bakanike, mutumin kirki, ya sauya fulogi, ya wanke duk abin da ke wankuwa, ya kwance salansa ya mayar. Da abin ya gagara, na kai ta wurin Malam Khalilu ya yi mata tofi a lagireto. Daga baya Murtala ya kira wani abokin sana'arsa a Sakkwato, aka tabbatar masa cewa lafiyarta lau, haka kuka ƙera ta. Na yi murna, na ruga da wannan albishir wurin Ɗanmusa, shugaban tasharmu, wanda shi ke tsara ayari, kuma da kunnensa yake tantance motar da za ta shiga. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "In ciwo na, sai a yi mata magani. In ko da gangan ta ka yi, ba ta shiga ayarina." Yana da gaskiya, domin mota ɗaya in ta tsaya a wannan daji, duk na bayanta sun tsaya. Ban ga laifinsa ba, kuma da ni ne shi, abin da zan yi ke nan.

Saboda haka ina taya ku murna, ranka ya daɗe. Kun yi alkawarin kashe silinda uku, ga shi Allah ya ninka muku, duk shidan sun kwanta. Motar tana ƙofar gidana ƙarƙashin dalbejiya tun farkon damina, ba ta sha ko ɗigon mai ba. Kajin matata Ramlatu sun gwada kujerar baya sun yaba da laushinta. Ban san ko akwai motar da ta taɓa kai wannan matsayi na tsimi ba, kuma in akwai lambar yabo, kun san inda nake.

Na biyar ba na wasa ba ne. Inna, mahaifiyata, tana zuwa asibitin Gummi duk wata saboda hawan jini da ciwon gwiwa, kuma don ita na fi son mota mai laushi tun farko. Wancan makon na tsaya ina kallo aka ɗaga ta aka ɗora a bayan babur ɗin maƙwabcinmu, ta riƙe rigarsa da hannu biyu, suka wuce ta gaban motar ɗanta. Addu'ar da ta saba yi mini kawai ta yi. Wannan ya yi mini ciwo, kuma har yanzu yana yi. Babur ɗin silinda ɗaya gare shi, amma bai taɓa runtsawa a hanya ba.

Ba na neman ku karɓi motarku, na san ba ku karɓar abin da ya sha tofi. Roƙona ɗaya ne: ku turo mana injiniyan da ya ƙirƙiro wannan hikima. Ɗanmusa ya yarda zai bar ni in shiga ayari sau ɗaya in har baƙon zai zauna a gaba. Zan sa Iyatu a bayansa. Idan muka kai tsakiyar daji, koriyar fitila ta kama, injin ya yi ƙasa da murya, sai ya juyo ya yi wa fasinjoji bayanin yawan man da muke tsimi a daidai lokacin. In ya iya gama bayanin bai ce mini in taka ba, na janye duk abin da na rubuta.

A sanar da shi ya zo kafin ƙarshen wata, don ranar asibitin Inna ta kusa.

Naka mai biyayya, wanda duk silindarsa ke farke har cikin barci,

Lukman Wali
Direba, a halin yanzu mai gadin mota
Nasarawa Burkullu