Katakon da Ya Ruɓe a Ɗakin Kaka

"Lafiya lau, amarya. Ina rufin da aka ce zai faɗo miki a ka?"

"Amaryar wa? Ji min miji, ko sallama bai iya ba sai da guduma a hannu!"

Ƙanena ne, kafinta, ya zo ɗakin Kaka, ni kuma aka ɗora min riƙon tsani. Wani baƙin tabo ne ya fito a silin, garin katako na zubo mata a gado. Baba ya riga ya yanke magana: in katakon rufin ya ruɓe, Kaka za ta koma gidansa. Ita kuwa ta ce ɗakin da marigayi kakanmu ya rufa mata da hannunsa, sai dai a fitar da gawarta. Wallahi ta ba ni tausayi, amma bakinta bai mutu ba.

"Rufin nan sa'anki ne, tare kuka tsufa," in ji shi.

"Tsohon doki sai mai sani. Hau, in ƙafafun kazar nan naka za su kai ka."

Ya cire allon silin, ya cusa kai da tocila. Muka ji ƙwas, ƙwas.

"To?" in ji Kaka.

"Wannan ya yi ƙara."

"Ƙarar lafiya ko ta ciwo?"

"Ban sani ba tukuna. Wancan ma ya yi."

"Oh ni! An turo min likitan da bai san mai rai da gawa ba."

"Muryarki ce ke hana ni ji! Gara ce. A'a, ba gara ba ce, babu ƙasa a jiki. Danshi ne. Kai, nan kuma a bushe yake ƙayau! Yaya, miƙo min sukuddireba."

Na miƙa. Ya yi ta tsokana, can sai ya yi ihu.

"Na kama shi! Ta nutse kamar a soso. Aikin tsohon mijinki ne, tattara kayanki."

Kaka ta zauna a bakin gado tana shafa zanin gadon. Sannan ta ɗaga kai.

"Katakon baƙi ne ko fari?"

"Fari."

"Wajen taga?"

"Eh mana."

"Marigayi bai taɓa kafa katako bai shafe shi da baƙin mai ba. Wa ya hau bara ya ce zai ƙara wa rufina ƙarfi, har ya huda min kwano da ƙusa?"

Tocila ta mutu.

"Ai... lokacin hannuna bai faɗa ba."

"Yanzu ma bakinka ne kawai ya faɗa. Sauran fa?"

"Sauran ko ƙusa ba ta shigarsu da daɗi. Guda ɗayan ne, gobe in canza shi in toshe hudar. Ba inda za ki, amarya."

Ya sauko da yanar gizo a gashinsa yana dariya. "Na sallama, tsohon ya kayar da ni yana kwance."

Kaka ta jawo gwangwanin baƙin mai da wani tsohon burushi daga ƙarƙashin gado ta miƙa masa.

"Ungo, nasa ne. Ka shafa kafin ka kafa, raggon miji."

Ta goge ido da gefen mayafi, ta ce wai garin katako ne ya faɗa mata.