Kwamandan Bas Ɗin Ma'aikata

Kai, Allah ya yi wa kamfanin sabulun nan baiwa da ya ba shi Kwamanda! Da can ɗan ƙirga kwalaye ne a ɗakin ajiya, ko bai zo aiki ba ba mai cigiyarsa. Ranar da aka ba shi riƙon ƙwaryar kula da bas ɗin ma'aikata, bawan Allah ya sayi usur, ya koyi tafiya hannu a baya.

Adalcinsa kuwa ba a magana. Mai shara ta zo da goyo, ya leƙa bayanta ya ce, "Shi wannan a wane sashe yake aiki?" Haka ta taka a ƙasa. Tsohon mai gadi ya manto katinsa a wata riga, ga ƙafa a kumbure. Kwamanda ya dafa shi cikin tausayi: "Baba, ni na san ka. Doka ce ba ta san ka ba." Bas ya tashi rabinsa wayam, jakar Kwamanda na hutawa a kujerarta.

Sai ga labari: manaja zai shiga bas da kansa, in ya gamsu a tabbatar wa Kwamanda muƙamin. Shi kuwa ba abin da yake tsoro kamar komawa cikin kwalaye. Ya ga tsofaffin dokoki ba za su burge kowa ba, gara ya ƙero sabuwa.

Da safe manaja ya zauna a gaba. Kwamanda ya busa usur, ya gyara murya.

"Jama'a! Motar nan ta cikakkun ma'aikata ce. Duk ɗan wucin gadi, ko wane ne shi, ko wa ya tsaya masa, ya sauka. Ba na maimaita magana!"

Mata masu naɗe sabulu suka sauka suna tsaki. Kwamanda ya waiwayi manaja, yana jiran yabo. Sai ya ji inji ya mutu. Direba ya zare makulli, ya zagayo, ya danƙa wa Kwamanda da hannu biyu.

"Kai direba, ina za ka?"

"Ranka ya daɗe, ai ni ma wucin gadi nake. Doka ce."

Manaja ya dubi agogo, ya dubi kujerar direba.

"To, Kwamanda, ja mu mana. Mun makara."

Kwamanda ya tsaya yana jujjuya makulli. Shi da ko keke sai an riƙe masa.