Kwaɗon Baba Goma Sha Biyu

Ranar sadakar arba'in ɗin Baba, muna zaune a tabarma a ƙofar gida, aka fara fito da kayan ɗakinsa don a share. A ciki har da wata 'yar adaka ta ƙarfe, shuɗiya, fentinta duk ya ɓare, kwaɗo uku na rataye a bakinta a buɗe. Ina ganinta dariya ta ƙwace mini, irin wadda ke zuwa tare da hawaye ba ta nemi izini ba. Ku 'yan majalisa kuka bi ni da harara, Sagiru har da taka mini ƙafa. Na ce zan ba ku labari, bakina ya ƙi. To ga shi na rubuta. Sau biyu na taɓa ganin an buɗe adakar nan. Na biyun ku bar mini shi tukuna. Na farkon ne na dariya.

Ga wanda bai san Baba ba, shi ne Malam Tanko Mai Kwaɗo. Shekara arba'in da ɗoriya yana rumfa ɗaya a kasuwar Funtuwa, yana sayar da kwaɗo, yana gyara wanda ya cije, yana yanka mukulli. Hannunsa kullum ƙamshin man keke yake, har yau in na wuce teburin tela sai na waiga. Mutum ne da ko akurkin kaji bai yarda ya kwana a buɗe ba. Abin taƙamarsa guda ne a duniya: kwaɗon da ya rufe da hannunsa ba a taɓa sa masa zarto ba.

Bara ne babbar yayarmu, Yaya Uwani, wadda ke aikin jinya a wata ƙasar Larabawa, ta aiko Baba ya je can wurinta likita ya duba shi. Ni aka haɗa shi da ni, wai ina jin Turanci. Turancin aji uku na sakandare, wanda na jingine shekara takwas har ya yi tsatsa. Da aka gama da asibiti, Baba ya fito daga ɗakin likita ya ce mana hawan jini ne kawai, an ce ya huta. Sai Yaya ta ce in dai hutu ne, za ta kai shi inda bai taɓa mafarki ba: mako guda a jirgin ruwa na shaƙatawa, irin wanda ba ya zuwa ko'ina sai yawo.

Tun a gidanta ta ja masa kunne. Ta ce, "Baba, don Allah kar ka sa wa akwati waɗannan manyan kwaɗunan naka. A tasha karɓar kaya suke yi, su haska da na'ura, su kawo maka har ƙofar ɗaki. In suka ga abin da ba su gane ba, yanke kwaɗon suke yi."

Baba ya ce, "Wato in miƙa wa baƙo kayana a buɗe, in hau bene in zauna ina jira?"

"Haka kowa yake yi, Baba."

"Kowa bai yi shekara arba'in yana sauraron kukan waɗanda aka yi wa sata ba."

Ya sa biyu. Manya, irin na ƙofar shago.

Jirgin nan, jama'a, unguwa guda aka ɗauka aka ɗora a kan ruwa. Hawa goma sha huɗu. Ta bayansa kuwa teku ne shimfiɗe har inda ido ya gaji ya dawo. Baba ya daɗe a tsaye yana kallo, hularsa a hannu. Shi da babban ruwan da ya sani shi ne dam ɗin Mairuwa.

Aka kai mu ɗaki, aka miƙa mana wani ɗan kati, wai shi ne mukulli. Baba ya juya shi gaba, ya juya shi baya, ya lanƙwasa shi kaɗan. Ya ce, "Ƙofar da kwali ke buɗewa ai labule ce."

Bayan azahar kayan kowa suka iso, ban da akwatin Baba. Sai wata takarda da aka turo ta ƙarƙashin ƙofa, wai mai akwati ya sauko ofishin tsaro a hawa na biyu. Yaya Uwani ta kai 'ya'yanta wurin wanka can ƙololuwa, wayarta ba ta shiga. Na gyara wuyan riga na ce, "Mu je, Baba, ai ina nan."

A ofishin muka tarar da wata ma'aikaciya 'yar gajeruwa, fara, da rediyo maƙale a kafaɗa. Akwatin Baba na kan tebur. Ta nuna mana allon na'ura, ga wasu baƙaƙen dunƙule-dunƙule jere a cikin hoton. Ta nuna agogo. Abin da na tsinta a maganarta shi ne saura minti arba'in jirgi ya tashi, kuma duk kayan da ba a tantance ba a tasha ake barinsa.

Baba ya ce, "Nafi'u, me ta ce?"

"Ta ce mene ne waɗannan abubuwan a ciki."

"Ka ce mata kwaɗo ne. Goma sha biyu."

Sai a lokacin na san ashe bayan biyun da ke waje ya yi guzurin wasu. Na shiga laluben kaina, kwaɗo, kwaɗo da Turanci. Can sai littafinmu na aji biyu ya faɗo mini, shafin da ke da hoton wani ɗan kore zaune a kan ganye, idanu ƙuru-ƙuru, malam yana nuna shi da bulala muna maimaitawa. Na ɗauko kalmar nan na miƙa mata da ƙarfin gwiwa, na ɗora goma sha biyu a kai.

Matar ta ja da baya taku ɗaya. Ta yi wata tambaya da sauri.

Na ce, "Baba, kamar cewa ta yi lafiyarsu ƙalau?"

"Sumul. Da hannuna na gwada su ɗaya bayan ɗaya da safen nan. Kowanne yana buɗe baki yana rufewa."

Na fassara iya iyawata, har da kwatance da hannu. Ta ƙara ja da baya.

"Ta ce me kake ba su?"

"Man keke. Ɗigo biyu a baki, duk wata."

"Ta ce me za ka yi da su a cikin jirgi?"

"Biyu a ƙofar ɗaki, ɗaya a kabad, ɗaya a banɗaki. Sauran in raba wa maƙwabta, na ga ƙofofinsu duk a sake suke."

Matar ta dafe ƙirji. Ta sake magana, muryarta ta yi siriri.

"Baba, ta ce wai don kar su fito ne ka kulle akwatin haka?"

Baba ya yi tsaki. "Su fito su je ina? Kwaɗona inda na ajiye shi nan yake zama, ko shekara ce. Sai dai in ka danna shi ya ce ƙas."

Ni dai na ga ta kama rediyon kafaɗarta tana magana ba numfashi. Ba a jima ba sai ga ƙarti uku sun shigo da safar hannu da takunkumi. Ɗaya da bokiti, ɗaya da raga mai mariƙi, na ukun riƙe da wani almakashin yanka ƙarfe, tsawonsa ya kai hannuna.

Baba na ganin almakashin nan ya tattara babbar rigarsa, ya ɗare tebur, ya zauna daram a kan akwati. Tsoho mai shekara saba'in da ɗaya. Ya ce, "Wanda zai yanka kwaɗon nan sai dai ya fara da ni."

Na ce, "To Baba ka buɗe musu mana, ga mukullai a wuyanka."

Ya ce, "Akwai abin da ba na idon mutane ba ne."

"Za su sauke shi fa."

"In ya sauka, na sauka."

Daidai nan jirgin ya busa ƙaho, har ƙasan ƙafata sai da ya yi rawa. Na hango mu a tsaye a tasha, ni da Baba da akwati, Yaya Uwani na can sama da tawul a kafaɗa tana ɗaga wa teku hannu, ba ta san an bar tsohonta ba. Gumi ya karyo mini.

Sai mai bokitin ya janye takunkuminsa. Baƙi ne, da 'yar furfura a gemu. Ya ce, "Salamu alaikum, Baaba. Hausa nike ji ko kunne na ne?"

Wallahi ko ruwan sanyi ban taɓa jin daɗinsa haka ba. Sunansa Fuseini, ɗan Zangon Kumasi, shekararsa goma sha ɗaya a jiragen ruwa. Hausarsa irin ta can ce, mace ma "ya ce" ake ce mata. Suka gaisa da Baba kamar a zaure, har da tambayar iyali, Baba na nan a kan akwati.

Fuseini ya ce, "Baaba, Madam ya ce kana da dabba goma sha biyu ciki."

"Wace dabba? Kwaɗo na ce."

Fuseini ya tsaya. Ya dubi akwati, ya dubi allon na'ura, ya dube ni. Ya ce, "Wane kwaɗo? Na ruwa, na ƙofa, ko na zogale?"

Sai ya ajiye bokitin, ya dafa bango, yana dariya har yana shiɗewa. Da ya samu numfashi ya yi wa matar bayani, ita ma ta zube a kujera tana share ido, mai raga ya fita waje don ya yi tasa a sarari. Ni kuwa na rasa inda zan ajiye fuskata.

Baba ya dube ni daga saman akwati. Ya ce, "Shekara tara ina goya ka a keke zuwa makaranta, ɗan mai kwaɗo guda, ashe na kududdufi kawai aka koya maka."

Amma doka tana nan. Fuseini ya ce, "Baaba, ba za a yanka ba, na tsaya maka. Amma sai ka buɗe da hannunka Madam ya gani. Saura minti goma."

Baba ya daɗe yana kallona. Ban gane kallon ba a lokacin. Sannan ya sauko a hankali, ya ciro igiyar mukullai daga wuyansa, ya buɗe. Aka fito da kwaɗo goma sha biyu aka jera a tebur, suna ƙyalli. Matar ta ce za a ajiye masa su sai ranar sauka, ba a rataya wa ƙofar jirgi kwaɗo saboda gobara. Baba ya ce Allah ya kyauta. Aka ɗaga riguna, aka ɗaga darduma. A can ƙasa ga 'yar adakar nan shuɗiya, da nata kwaɗo uku.

Fuseini ya ce, "Madam ya ce wannan ma."

Baba bai yi musu ba. Ƙas. Ƙas. Ƙas. Ya ɗaga murfin.

Farin yadi ne, a ninke tsaf, allura ba ta taɓa shi ba. Ƙamshin turare ya tashi ya cika ofishin. Ba zinari, ba takarda, ba komai. Likkafani.

A nan na gane abin da likita ya faɗa masa a ɗakin da aka rufe, wanda ya fito ya ce mana hawan jini ne kawai. Na ji ƙugin injin jirgin ya yi nisa, kamar a wani gari ake yinsa. Matar ta miƙa hannu za ta taɓa, Fuseini ya raɗa mata wata magana, ta janye hannun. Ta ɗauko takardar shaida ta manna wa babban akwatin da kanta, ta ce a kai wa Baba har ɗaki. Baba bai dube ni ba. Yana ta gyara bakin yadin da yatsa, inda bai ma lanƙwashe ba.

Fuseini ya ga yadda idona ya kawo ruwa. Sai ya tafa hannu, ya ɗaga murya kamar ba abin da ya faru.

Ya ce, "Haba Baaba! Wannan kaya ko tsakiyar kasuwa ka ajiye shi, ɓarawo ya gani sai ya sake hanya. Wa za shi sata, har ka sa kwaɗo uku?"

Baba ya mayar da murfin. Ya rufe na farko, ya rufe na biyu, ya rufe na uku, ya ja kowanne ya ji ya kama. Ya rataya mukullan a wuya, ya tura su cikin riga.

Ya ce, "Wa ya ce maka don ɓarawo ne? Madam ɗinka ta fi ka ganewa. Don kar ya fito na kulle shi, ban gama kallon teku ba."