Tuwon Gwamnati a Bodar Jibiya

Wani ne a bodar Jibiya, zamanin da kuɗin fetur suka fara yi wa gwamnati yawa. Ya taɓa wanke wa wani Bature mota a Katsina, tun daga ranar ya ce Turanci ya zauna masa.

Akwai wani ma'aikacin kwastan, Luka, mai son rubuta waƙa. Ya koyo irin ta mutanen Japan mai layi uku, ya tsara ɗaya da Turanci kan haɗin kai, ya manna a ƙofar ofis. Ya tsaya yana rerawa da ƙarfi:

"Tu wols, wan simol rod. Mi an yu onda wan sikai. Wi a wan, burada."

Mutumin nan na gefe ya kasa kunne. Hamidu, direban Maraɗi, ya taɓo shi. "Malam, mi ya ce? Sabuwar doka ce?"

"Doka kuwa! Ba ka ji ya ce tuwo ba?"

"Na ji."

"Sai ya ce miyay yau. Tuwo da miya ke nan, kyauta, kullum. Gwamnati ta rasa yadda za ta yi da kuɗi."

"To na ƙarshen fa?"

"Wiya wan burodi. Burodi ne dai ya ce da wiya, a yi haƙuri."

Kafin azahar labari ya kai Magama, ya kai Farfaru, ya tsallaka Nijar. Direbobi suka kashe motoci a tsakiyar titi. Hajo mai abinci ta kife tukunyarta tana kuka, wai gwamnati ta kashe mata sana'a. Wani ya zo da baho, wani da amalanke. Mutuminmu na kan gaba da daro, yana jera layi. "'Yan Nijar ku matso, ba a ce ban da ku ba!"

Luka ya fito ya ga jama'a iya ganinsa. Da ya ji dalili sai ya dafe kai.

"Bawan Allah, waƙa ce! Cewa na yi duniya biyu, 'yar hanya ɗaya. Ni da kai sama ɗaya ta rufe mu. Mu ɗaya ne, ɗan'uwa. Haɗin kai nake nufi!"

Mutumin ya waiga ya dubi layin, ya miƙa daronsa.

"To ranka shi daɗe, ga kawunan ƙasa biyu mun haɗa maka. Sai a zuba."