Ranar da Na Ɗora Motar Yaya a Kan Tubali

Ko da tsufa ya kwashe mini tunani, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, cikin kakar tattasai, a ƙauyenmu na bakin Komadugu kusa da Geskeru.

Yayana Bukar ne kaɗai mai mota a ƙauyen. Zai ƙetara zuwa Najeriya da buhunan tattasai a babbar mota, kwana huɗu, ga matarsa Falmata cikinta ya tsufa. Haihuwarta ta fari ɗan bai zo da rai ba, shi ya sa ungozoma ta ce wannan karon sai a matanite ta Diffa, wato asibitin haihuwa. Yaya ya danƙa mini makulli ya ce, "Na cika tanki. Da ta ce wash, ka ɗauke ta. Aikinka ke nan."

Ni kuwa lokacin rawar kai ta yi mini yawa. Jant ɗin motar, wato ƙarafan da taya ke zama a kai, masu kurom ne, rufin nan mai ƙyalli, amma laka da ruwan gulbi sun ci su, tsatsa ta fito, kurom yana ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Na ce bari in gyara su Yaya ya daina cewa ba na tsinana komai. (To, akwai kuma wata yarinya da nake son giftawa ta ƙofar gidansu.)

Mai hankali taya ɗaya zai cire. Ni gwani na cire duka huɗu, na ɗora motar a kan tubalin ƙasa da aka buga don gyaran katanga. Na zauna gefenta da toka da lemun tsami da sanfefa, ina dirza ina kwara ruwa bokiti-bokiti, daga baya na bi su da fentin azurfa. Ban ko duba inda ruwan ke gangarawa ba.

Ana kiran azahar Inna ta fito da sauri. "Tada mota, Falmata ce."

Sai ta tsaya cak. Ta dubi motar, ta dube ni.

Na zabura na jawo jak. Ina taɓa motar, tubalin baya da ya sha ruwa ya narke, saura suka bi shi, motar ta zauna daɓas a kan cikinta cikin taɓo. Babu inda jak zai shiga. Notocin ɗaure tayoyin da na zube a ƙasa duk laka ta haɗiye su. Daga ɗaki ina jin nishin Falmata ƙasa-ƙasa. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Maza suka fito daga masallaci suka taru, aka kama za a ɗaga, ƙafafu suna santsi. Babu wanda ya zage ni, da ma sun zage ni da na fi jin daɗi. Inna ce ta matso ta ce a hankali, "In wani abu ya same ta, kai za ka faɗa wa Bukar da bakinka."

A amalanken shanun maƙwabcinmu Malam Kolo aka kai ta bakin kwalta. Ina biye da gudu ba takalmi, ina karanto duk addu'ar da na iya. Na tsaya tsakiyar hanya na tare wata motar kaya, fenti har goshina. Direban ya ɗauka mahaukaci ne, sai da ya ga Inna ya buɗe ƙofa.

Bayan la'asar ungozomar asibitin ta fito ta same ni tsugune a bakin matanite. "Kai ne mai motar da aka yi ta ba mu labari?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Mace ce. Duk suna da rai, amma da ƙyar." Nan na fashe da kuka, ƙato da ni, gaban matan mutane.

Da Yaya ya dawo, ya tarar da motarsa kwance cikin busasshiyar laka, jant huɗu jingine da katanga suna ƙyalli. Ya daɗe yana kallonsu. Ya ce, "Sun yi kyau." Bai ƙara mini magana ba sai ranar suna.

Yarinyar da aka haifa ran nan yanzu tana da 'ya'ya uku, in ta gan ni sai ta ce, "Baba, yau me za a goge?" Ni dai tun daga ranar, ko keke zan kwance, sai na fara leƙawa cikin gida na tambaya ko akwai mai tsohon ciki.